Ranar da Ya Riƙe Hannuna a Filin Wasa

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Sunana Falmata, daga Nguru.

Bayan ƙaramar Sallah maigidana ya tafi da ni Abuja, har ya kai ni babban filin wasa na ƙasa kallon ƙwallo. Anti, ko ranar kasuwar Gashua ban taɓa ganin jama'a haka ba! A bakin ƙofa aka fara turereniya, sai na ji ya damƙe hannuna, ya ce, "Kada ki sake ni, Falmata." Haka muka hau matakala muka sami kujerunmu. Ana ganguna ana ihu, shi kuwa bai saki hannuna ba har aka tashi. Wallahi ban san wa ya ci wasan ba. Abin da nake karantawa a littattafai ne ya same ni.

Da muka dawo gida sai ya koma yadda yake, shi a gaba ni a baya, kunya ta hana shi ko waiwayowa.

Ku ba ni shawara don Allah. In faɗa masa ina kewar wannan riƙon, ko in jira a sake buga wasa?

Ina gaishe shi, in rediyon shagonsa na kunne.