Kumfar Kunun Yaya Bello

Akuyar Inna ce ta kai mu Badun, can Kudu. Ja ce mai farin goshi, ku ba ku san ta ba. Ranar kasuwar Argungu anka sayar da ita, kuɗin ya zama kuɗin motarmu ni da Yaya Bello, babban wanmu. Inna ta ƙulla muna shanshera a tsumma, shinkafar fadamarmu da ba a sussuke ba. Yaya ya yi dariya ya ce, "Inna, can ma ana cin shinkafa." Ta ce, "Ba irin wagga ba."

Kai Sani, bar wasa da fitila in kana son ji.

Aikinmu sauke buhunan albasa ne, irin wadda ake lodowa daga Augie. Duk wanda ya zo daga Arewa, can sunanshi Aboki. Maigidan da munka kama ɗaki wurinshi, wai shi "lanlodi". Na daɗe ina zaton sunan yanka ne, har ina gaishe shi, "Baba Lallodi, ina kwana."

Da damina ta yi nisa Yaya ya kwanta. Zazzaɓi, sannan rawayar ido. An kai shi asibiti, anka ba da magani, amma komai na kawo sai ya kau da kai. Wata safiya ya ce, "Umaru, kunun zaƙin Inna nake so. Mai tsiro."

Ni kuwa ban taɓa damawa ba, gani kawai nake yi in Inna na yi. Na kwance tsumman nan, na jiƙa shanshera, na baza ta kan jiƙaƙƙen buhu a lungun gida, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Da ta fara fitar da fararen saiwoyi sai ga Baba Lallodi.

"Aboki! Gona ka zo yi gidana?"

"Magani ne, Baba."

"Magani yana tsiro?"

"Namu na yi."

Ya yi tsaki ya wuce, yana faɗa da Yarabanci.

Na shanya tsiron, na daka. Na kai jiƙaƙƙen gero inji da citta da kanumfari. Na raba ƙullun biyu, na sheƙa wa rabi tafasasshen ruwa ya yi kauri, da ya sha iska na zuba ɗanyen da tsiron. Ina motsawa sai kaurin ya saki, ya koma tsararo. Na ce na ɓata. Na dai rufe bokitin na bar shi ya kwana.

Da safe na buɗe. Kumfa ta taru a sama, tana tsitsitowa a hankali awa abu mai rai, ga wani tsami-tsami na tashi. Na san warin. Bayan gidanmu akwai Maman Doshima, mutuniyar Binuwai, mai dafa burukutu a manyan tukwane. Kullum munka bi ta nan sai mun toshe hanci. Ita ma da tsiro take aiki, na sha ganin tana shanya na dawa. Na ce wayyo, giya na yi. Mutum na kwance tsakanin rai da mutuwa, in ɗura mishi haram da hannuna? In kuma na zubar, shansherar ta ƙare, babu wata.

Na ɗauki bokitin na nufi kwata, ina hawaye. Maman Doshima ta tsayar da ni.

"Mallam ƙarami, ina za ka da abinci?"

"Ya lalace. Ya zama irin naki."

Ta kwashe da dariya har tana dafa gwiwa. Ta wanke hannu, ta ɗiba a tafinta ta kurɓa.

"Wannan? Ko jariri ba zai yi layi ba. Kai kana zaton giya da gudu take zuwa? Ni da nake nemanta sai na dafa, na sake dafawa, na zuba mata tsohuwar giya, na yi ta lallashi. Tsiro ne ya yi aikinsa, shi ya sa ya saki, shi ya sa ya yi zaƙi. Tace shi yanzu ka ba ɗan'uwanka. Amma in ka bar shi cikin zafin nan har jibi, to ka zo mu raba kasuwa."

Ta ara mini rariya sabuwa fil, ta ce ba ta taɓa tukunyarta ba, kar in ji komai.

Na tallafo kan Yaya. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya daɗe bai haɗiye ba. Ya ce, "Fadama." Ya sha rabin kofi, abin da ya fi yawa da ya shiga cikinshi tun kwanciyarshi. Sannan ya ce, "Citta ta yi yawa, ɗan banza," yana murmushi.

Bai ga ƙarshen makon ba. Can munka rufe shi, cikin jar ƙasa. Allah Ya jiƙanshi. Maman Doshima ta tsaya nesa da ɗankwali a ka har munka dawo.

Na sauka tashar Birnin Kebbi da jakarshi da tawa. Da na iso gida Inna ba ta tambayi mi na samo ba. Bayan masu ta'aziyya sun watse ta ce, "Ya ci wani abu kafin?"

Na ce, "Ya sha kunu. Da shinkafarki."

"Wa ya dama?"

"Ni."

Ta tashi ta ɗebo shanshera a rumbu, ta aje gabana. Na yi tsiro, na dama kunun. Da ya yi, na kawo mata da kumfarshi. Ta kurɓa ta ce, "Citta ta yi yawa."

Ta shanye duka, har ta kife ƙwaryar.