Ragunan Baffa a Cikin Waya

Hammawa: Salamu alaikum. Anti Bola?

Bolanle: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ban san lambar nan ba.

Hammawa: Hammawa ne, mai raguna, na Gwallameji. Da wayar maiɗakina na kira, tawa tana ɗaya hannun.

Bolanle: A'a, Hammawa! Ina wuni?

Hammawa: Lafiya lau. Ya shago? Ya ciniki?

Bolanle: Mun gode Allah. Ya amarya Humaira?

Hammawa: Tana gaishe ki. Ya maigida? Ya yara? Ya ƙafar Mama?

Bolanle: Da sauƙi. Ya Baffa da mutanen Zungur?

Hammawa: Baffa... lafiya. Ya kuma zafin nan?

Bolanle: Hammawa, me ya faru?

Hammawa: Anti, na shiga uku. Za su rufe min shafi.

Bolanle: Za su me? Layin yana yankewa, matsa waje.

Hammawa: Shafin da kika buɗe min na tallan raguna! Da safe suka turo gargaɗi, wai saƙonnina sun yi yawa, in na ci gaba za su rufe.

Bolanle: To ai gargaɗi ne kawai.

Hammawa: Kawai? Anti, yau Laraba, Sallah ranar Asabar. Ni na hana Baffa ya kai ragunan nan kara, kasuwar dabbobi. Na ce dillalai suna cin guminsa, ya ba ni su in sayar a waya. Kiwonsa ne na shekara guda, ga su nan ɗaure a ƙofar gidana, ko ɗaya bai tafi ba.

Bolanle: Tsaya. Me na gaya maka ranar da muka buɗe shi? Sabon shafi, mutanen da ba su san ka ba, kada ka wuce ashirin a rana. Kuma ka rarraba, wasu da safe, wasu da yamma.

Hammawa: Wallahi ban taɓa wuce ashirin ba! Har rarrabawar na yi.

Bolanle: To da mamaki. Buɗe mutum ɗaya, karanta min abin da ka tura masa.

Hammawa: Ga wani Alhaji nan. Na ce, salamu alaikum. Sai na ce, ina kwana. Sai, an tashi lafiya. Sai, ya iyali. Sai, ya aiki. Sai, ya fama da jama'a...

Bolanle: Duk a saƙo ɗaya?

Hammawa: Haba, Anti, ana dunƙule gaisuwa ne? Ɗaya bayan ɗaya, ina ba shi dama ya amsa.

Bolanle: Ya amsa?

Hammawa: Bai amsa ba. Da azahar na koma na ce, ina wuni.

Bolanle: Wayyo ni Bolanle! Hoton ragon fa? Farashi fa?

Hammawa: Ai bai amsa gaisuwa ba tukuna. Sai in faɗa wa dattijo da ciniki ban tambayi iyalinsa ba? Ba haka aka rene ni ba.

Bolanle: Haka ka yi wa kowa?

Hammawa: Kowa da kowa. Ban raina ko ɗaya ba.

Bolanle: Hammawa, ashirin ɗinka sun koma saƙo sama da ɗari a rana, kalmomi iri ɗaya, kuma ba wanda ya san raguna kake sayarwa! Su masu kamfanin shafin ba ladabinka suke gani ba, yawan abin suke gani. Mutanen kuma sun ɗauka ɗan damfara ne, suna ta kai ƙararka.

Hammawa: Shi ya sa! Wata Hajiya ta rubuto, wai ni wane ne da nake tambayar yaranta.

Bolanle: Ni ma da haka zan ce.

Hammawa: To yanzu ya zan yi? Don Allah, Anti. Ko abinci ban iya ci ba yau.

Bolanle: Ka saurare ni. Yau da gobe kada ka taɓa shafin nan, ko saƙo guda. Ranar Juma'a ka fara da mutum biyar, waɗanda suka taɓa yin magana ƙarƙashin hotunanka. Saƙo ɗaya tak: sallama, sunanka, hoton rago, farashi. Wanda bai amsa ba, ka ƙyale shi.

Hammawa: Juma'a? Jajibirin Sallah ke nan!

Bolanle: Masu sayen jajibiri suna da yawa. Ka turo min hotuna, in sa a nawa shafin yau ɗin nan. Amma dai tun safe ba ka sake tura komai ba ko?

Hammawa: Gaisuwa kam na daina.

Bolanle: Me ka tura?

Hammawa: Ban haƙuri ne kawai. Da na ga ran mutane ya ɓaci, sai na koma kan duk wanda na gaisar tun makon jiya, ina cewa ya yafe min in na dame shi.

Bolanle: Duka?

Hammawa: Saura kaɗan in gama. Muna maganar nan ma na tura wa wasu.

Bolanle: Ajiye wayar nan! Ajiye ta a ƙasa!

Hammawa: Na ajiye... Tsaya, wayar ta fitar da ni daga shafin. Anti, ta fitar da ni! Na sa sunana, ta ce babu shafin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Bolanle: Sake gwadawa. A hankali.

Hammawa: Babu! Kuma akwai wani malamin jami'a a Gubi, shi kaɗai ya amsa min gaisuwa har ƙarshe, ya ce zai ɗauki manyan guda biyu, da yamma zai turo lambarsa. Ko sunansa na gaskiya ban sani ba!

Bolanle: Za mu roƙe su su buɗe, amma abin yana ɗaukar kwanaki. Gobe da asuba ka nemi mota zuwa kara, ko da...

Hammawa: Anti.

Bolanle: Ina jin ka.

Hammawa: Ga keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Baffa ne.

Bolanle: Ya san abin da ake ciki?

Hammawa: Jiya ya kira, kunya ta kama ni, na ce masa masu saye sun yi min yawa. Anti, da rago ya sauko. Farin nan da ya ware don layyarsa. Yana ɗaga min hannu yana dariya, wai in ƙara da shi. Me zan ce masa? Katin ma zai ƙare, don Allah me zan...

Bolanle: Ka gaya masa gaskiya yanzu, kafin keken ya juya. Ka ji ni? Hammawa? Hello? Hammawa!