Tsagaggen Bulok da Sabon Fenti

A bencin bakin gareji, wani saurayi mai baƙin tabarau ya ga dattijon da ke gefensa yana ƙare wa wata farar mota kallo, sai bakinsa ya fara ƙaiƙayi.

"Baba, tawa ce. Na ɗora mata na'urar cusa wa inji iska, ta koma kamar jirgi."

"A kan bulok ɗin injin da ta zo da shi daga kamfani? Ai ƙarfen nan yana da iyaka, ɗana."

"Haka makanike ya yi ta surutu. Na ce ƙara iska, ƙarfe ba ya ciwon kai! Ranar da na taka ta sosai sai na ji ƙas, bulok ya tsage."

"Subhanallahi. Ka sa sabo ke nan?"

"Wane sabo? Gam muka shafa, muka bi da fenti. Yanzu wani bawan Allah nake jira, wai zai saya wa matarsa ta riƙa kai yara makaranta."

Dattijon ya sa hannu a aljihu. Ya ciro waya, ya danna lamba a tsanake. Aljihun saurayin ya ɗauki ƙara.

"Ɗauka mana, ɗana," in ji dattijon. "Bawan Allah ne ke kira."