Masarar Dila a Kan Kabarin Ubana

Shugaban garinmu Don Eleuterio, Fada Anselmo limamin cocinmu, dattawan da ke riƙe da gonakin jama'a, iyayena mata, 'yan'uwana manoma, da ku samarin da kuka tsaya bakin ƙofa da addunanku wasassu, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ce Eulalia, 'yar marigayi Fidencio, wadda kuka tura birni karatun tsirrai. Na gode da kuka saurare ni kafin a ɗaga hannu kan gayyar share maƙabarta.

Abu na farko, kun fi ni sanin halin da ake ciki. Sanyin dutsen nan yana ƙone masara tun ba ta yi goyo ba, rumbuna sun zama ɗakin ɓera, gidan da ake toya tortiya, wainar masararmu, safe da yamma ya koma sau ɗaya, 'ya'yanmu kuwa suna ta tsallaka iyakar ƙasarmu zuwa ci-rani a ƙasar da ke arewa da mu.

Abu na biyu shi ne abin da muka gani a ɗakin bincike. A cikin kowace ƙwaya akwai rubutun gado, kuma mun karanta na masararmu. Wannan ciyawa da muke kira masarar dila, da muke tsine mata, danginta ne kakanninmu suka yi ta reno har aka sami masara. Ƙarfin jure sanyi daga wurinta masararmu ta samo shi, domin iska tana kwaso bununinta daga gefen gona ta zuba a gemun masara. Da muka cika gonaki da irin kanti, gadon nan ya tsinke. Da muka bi kowace iyakar gona da maganin feshi, muka kashe mai sabunta shi. Na taka kwarin nan da ƙafata, ban same ta ko'ina ba sai a maƙabarta, inda kunya ta hana mu feshi.

Abu na uku shi ne mai ɗaci. Tsabarta ba ta nuna sai bayan bikin matattu, lokacin da mamatanmu ke dawo mana ziyara mu kai musu abinci kabari, mu kuwa kafin biki muke sharewa. A da ba komai, tana nan a gonaki. Bana in adda ta hau ta, tsabar da ta rage cikin ƙasa ba za ta kai mu ko'ina ba.

Don Crescencio ya tare ni a kasuwa ya ce, "Yarinya, kuɗin makarantarki ke nan? Mu zauna gadin abincin jaki?" Na yi dariya, domin shi ya riƙe ni ranar baftisma. Wadda ban yi wa dariya ba ita ce mahaifiyata. Inda ciyawar ta fi kauri, nan kabarin ubana yake. Ta ce mini, "Eulalia, mutumin da bai taɓa barin haki a gonarsa ba, shi za ki bari ya zo ya tarar da makwancinsa kamar juji? Ina zan kafa masa kyandir?" Tun ranar ba ta ci abin da na dafa ba, ga ta can zaune ta kau da kai, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Ban ce al'ada banza ce ba, ban ce matattu ba su da haƙƙi ba. Roƙona ɗaya ne: a share hanyoyi, a zuba furanni, amma a bar kusurwar gabas, inda ciyawar da kabarin ubana suke, har tsaba ta bushe mu tara. In akwai abin kunya, a fara da gidanmu. Bana ubana zai kwana cikin ciyawa, domin jikokinsa su sami abin da za su ɗora masa a kabari baɗi.

Allah ya jiƙan waɗanda ke kwance, ya tausaya wa waɗanda ke tsaye, ya sassauta mana sanyin bana, ya huce zuciyar mahaifiyata. Samari, ku ajiye addunan tukuna, a ɗaga hannu.

Na gode.