Cokali Goma Sha Shida

A rumfar jiran bas da ke gefen wani asibitin yara a birnin Memphis, Odessa ta buɗe wa jikarta kwalbar lemo. Wani dattijo da ke zaune kusa da su ya gyara murya.

"'Yar'uwa, sukari cokali goma sha shida ne a kwalbar nan. Dubi ƙibar yarinyar mana."

"Likita ya riga ka yi mini wa'azi, wai ganye da kayan marmari. Sai na hau bas biyu kafin in ga tumatir da idona. Lemo kuwa har bakin ƙofa ake kawo mana shi."

"Duk da haka. Ni jikokina ko ɗanɗanawa ba sa yi. Ba ya shiga gidana."

"Kai ma likitan ne, da ka ƙirga cokulan?"

"A'a, direba ne ni. Shekara ashirin da biyu ina sauke lemon nan a kantunan unguwanninku."

Odessa ta kalle shi sama da ƙasa. Ta fizge kwalbar daga bakin yarinyar, ta dangwara masa a cinya.

"Ungo kayanka. Ashe duk garin nan ƙofarka kaɗai ce motarka ba ta sani ba."