Dutsen Ƙofar Ɗakin Baƙina

Shugaban taro, dattawan ƙabilunmu na Marib, manyan baƙi da suka zo daga birni da takalma masu tsoron yashi, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ne Mabkut bin Hizam, wanda ya bar makaranta a aji uku, malami bai yi kuka ba. Ina godiya ga hukuma da ta kewaye Haramin Bilkisu, tsohon wurin bautar nan, da waya. Shekara dubu uku katangar nan tana jira, sai da muka gama kwasar duwatsunta aka kawo kwaɗo. Madalla da wannan hanzari!

Na farko, ku da ke min kallon ɓarawo, rabinku a kan duwatsun haramin nan kuka koyi rarrafe. Laifi tudu ne.

Na biyu, dutsen da na dawo da shi. Mahaifina ya ɗauko shi daga haramin nan, ya ɗora shi bisa ƙofar ɗakin baƙi, shi ke riƙe da rufin. Shekara talatin duk wanda ya sha gahawata sai na nuna masa rubutun da ke jikinsa, in ce sunayen kakannina ne, jarumai bakwai. Har kuka wani ya taɓa yi.

Sai na kai 'yata Atika jami'a, ta koyo rubutun mutanen Saba'. Ta dawo, ta ɗaga kai, ta ce, "Baba, a kife yake."

Na ce, "Jarumta ko a kife jarumta ce. Karanta wa baƙi!"

Ta ce, "Baba, bari su tafi."

"Karanta, 'yar nema!"

Ta karanta. Wani bawan Allah ne ke neman gafara, don ya shiga harami bai yi wanka ba, yana warin albasa. Uwarta ta leƙo ta ce, "To wannan kam kakanka ne."

Atika ta rantse ba za ta kwana ƙarƙashin kayan haramin ba. Ko dutse, ko 'ya. Jiya muka zare shi, rufin ya bi bayansa har ƙasa. Mai son gahawa ya zo da lema.

Ga kakana nan, ku karɓe shi, ku tsayar da shi daidai, ya gaji da tsayuwa da ka.

Allah ya tsare katangar nan daga yashi da irinmu. Allah ya ba ku 'ya'ya masu karatu, ya ba ku rufin da zai jure musu. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.