Ranar da Na Hau Gora Saboda Rahila

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa.

Ni ne Baba Iliya mai banda, wanda kuke wa dariya in ya riƙe littafin waƙa a juye. Boko bai zauna mini ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Tun ina saurayi nake sayar da kifi a kasuwar Nguru, amma kowa ya san ni da tsoron ruwa. Ko kwalekwale na shiga, idona a rufe har a sauka. Sai dai baki! Masuntan Bade na ƙauyen Dagona kan kwanta rub da ciki a kan babbar gora, cikinsu ya toshe bakinta, su bi ruwa. In na gan su nakan ce, “Sannunku, kwaɗin Dagona!” Abokina Malam Bukar, masunci, sai ya rama: “Iliya, tumbin nan naka don bakin gora aka yi shi, asararsa kake yi.”

Bara da kaka, Bukar ya ƙetarar da ni da matata Rahila kogi zuwa gonarmu ta shinkafa, ya koma da kwalekwalensa, sai yamma. Rana tsaka na ji ihu. Kububuwa ta sari Rahila a ƙafa!

Waya ba sabis. Na ƙwala kira, iska ta kwashe. Ƙafa tana kumbura ina kallo. Ba kowa, sai gorar wani a ɗaure a gaɓa.

Rahila ta dube ni, ta dubi gorar. “Baban Dauda, bari. Kada mu tafi mu biyu.”

Maganar nan ce ta jefa ni ruwa. Na kwance gorar, na kwanta a kanta don in nemo taimako.

Ina tsakiyar kogi na hango Bukar can a ɗaya gaɓar yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Wauta ta sa na ɗago ƙirji ina ɗaga masa hannu. Bakin gora ya buɗe, ta karkace, ruwa ya fara shiga, gul-gul. Na sha, na ƙware. Na ce, “Yesu, ban iya doguwar addu'a ba. Rahila tana jira. Riƙe ni!”

Tsoro bai tafi ba, 'yan'uwa, kada in yi muku ƙarya. Amma hankalina ya dawo, tsokanar Bukar ta faɗo mini. Na danna tumbi a bakin gora, ya zauna daram kamar an auna. Na yi ta ja da hannu, ina kuka ina kiran sunan Yesu, har gwiwata ta taɓa laka.

Bukar bai tsaya tambaya ba. Ya tafi da kwalekwale ya ɗauko Rahila, aka sa ta a babur sai asibiti a Gashua, aka yi mata allurar kashe dafi.

Ga ta nan cikin zumuntar mata, da ƙafarta ta zo. Halleluya! Bukar kuwa yanzu “babban kwaɗo” yake kirana, ina amsawa.

Na gode wa Ubangiji. Ɗan'uwa, kada ka jira sai tsoro ya tafi. Kira Yesu ka shiga, zai riƙe ka. Amin.